Babi na 6: Idan kulocin babur ya manne bayan an daɗe ba a hau ba

Darasi na 1: Gane matsalar

Mutum ya tafi cin rani ko ya kwanta jinya, babur na jingine a zaure wata biyu ko uku. Ya dawo ya buga kik, inji ya tashi lafiya lau. Ya matse kuloci, ya taka giya, sai babur ya yi zabura gaba, inji ya mutu. Malam, kada hankalinka ya tashi, injinka bai lalace ba. Kuloci ne ya manne.

Kuloci shi ne ƙarfen da kake matsewa da hannun hagu. Na hannun dama birki ne. Waya ce ta tashi daga wannan ƙarfe ta gangara zuwa inji, gefen dama. A can ciki akwai faifai sirara a jere, wasu na ƙarfe zalla, wasu masu ɓawo a jiki, duk suna jiƙe da baƙin mai. Sifirin ne ke danne su wuri guda. Idan ka matse kuloci, dannewar ta saki, su rabu. Idan babur ya daɗe a ajiye, man da ke tsakaninsu ya tsiyaye, sai su manne kamar takardun littafin da ruwa ya taɓa.

Wannan babi na masu babur irin Bajaj Boxer ne da Haojue da makamantansu. Mai roba-roba ba shi da kuloci a hannu, ya wuce babi na gaba.

Darasi na 2: Ɗumama inji

Fito da babur fili. Kada gabansa ya kalli bango, kuma a kori yara gefe. Duba baƙin mai da sandar awo tukuna. Idan ya yi ƙasa, ƙara. Sa giya a firi, wato inda koren fitila ke kamawa. Idan batir ya mutu fitila ba ta kamawa, tura babur ka gani: in ya tafi babu turjiya, yana firi.

Tayar da inji, ka bar shi minti 10 yana aiki a hankali, ba tare da murɗa totur ba. Zafi ne ke sa mai ya tsinke ya ratsa tsakanin faifan. Yana cikin aiki, ka riƙa matse kuloci kana saki, kamar sau 20. Kada ka taɓa giya.

Darasi na 3: Jijjiga babur

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka a karanta a natse, ko sau uku ne ba laifi.

Kashe inji da makulli. Hau babur, ƙafafu biyu a ƙasa. Sa giya ta 2. In ta ƙi shiga, ɗan motsa babur gaba kaɗan, za ta shiga. Yanzu matse kuloci har ya taɓa hannun babur. Ka riƙe shi haka. Kada ka saki.

Tura babur gaba da ƙafafunka, ka jawo shi baya. Gaba, baya. Za ka ji ya cije, tayar baya na turjewa. Daidai nan ne hannu ke saki da kansa, mutum bai ma sani ba. Dubi hannunka na hagu. Yana matse? Madalla, ci gaba. In ka saki, sifirin ya sake danne faifan, ko ka wuni kana turawa ba za su rabu ba. Turjiyar tayar ce ke fizgar faifan, amma sai kuloci na matse fizgar za ta yi amfani.

Mu maimaita. Inji a kashe. Giya ta 2. Kuloci a matse. Gaba, baya. Hannu ya gaji? Tsaya cik, ka huta, ka sake matsewa kafin ka tura. Matsewa ce farko, turawa ta biyo baya. Wanda yatsunsa ba su da ƙarfi ya ɗaure kulocin da tsumma ko robar tayar keke, ba abin kunya ba ne.

Za ka ji wani ɗan ƙas, babur ya sulale gaba da sauƙi alhali yana cikin giya. Ya saki ke nan. Sannu da ƙoƙari.

To amma akwai masu gaggawa, kuma dole in faɗa musu gaskiya. Wani zai tayar da inji, ya murɗa totur har salansa na kuka, ya taka giya da ƙarfin tsiya wai don kuloci ya ɓalle. Haba malam! Haƙoran giya kake ci, sarka kake wahalarwa, kuma ranar da babur ya kwashe ka ya maka da katangar maƙwabci, kuɗin asibiti ya fi na bakanike. An ce hannu ya zauna a kan kuloci, sai ka ga mutum ya saki yana gyara hula. Hular ba za ta gudu ba.

Darasi na 4: Gwaji

Mayar da giya firi, tayar da inji. Matse kuloci, riƙe birkin hannu, sannan ka sa giya ta 1. In inji bai mutu ba, zagaya unguwa a hankali. Duba wayar kuloci: ƙarfen ya yi ɗan wasa kamar faɗin yatsa kafin ya fara ja. In wasan ya yi yawa, a ɗaure wayar, don sakakkiyar waya ma tana kawo irin wannan zabura.

Darasi na 5: Juye

Man da ya daɗe a inji a zubar, a zuba sabo, na babur. Nemi mai rubutun JASO MA a jikin roba, wato alamar man da ya dace da kulocin babur. Wasu mayukan mota na sa kuloci santsi.

Darasi na 6

In ya ƙi saki, kai wa bakanike ya buɗe murfin dama ya raba faifan. In za ka sake tafiya, bar wa wani makulli ya riƙa tayar da shi duk mako yana matse kuloci.