Sabunta fasfo a ƙasar waje: kurakuran da ƴan uwanmu suka fi yi

Ni dai shagon kwamfuta gare ni a nan Jekadafari, kuma da wuya wata ya wuce wani bai shigo ya miƙo min waya ba ya ce ga ɗana a Alƙahira ko ga ƙanwata a Jidda, fasfonta ya kusa ƙarewa, don Allah ka yi mata bayani. Abin da na lura shi ne yawancin wahalar nan tun daga gida Gombe aka shuka ta, can wajen girbi kawai ake yi.

Babbar matsalar ita ce NIN. Yanzu ba a sabunta fasfon Najeriya sai da lambar NIN, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu kuma kun san halinmu, a fasfo Muhammad, a NIN Mohammed, a takardar makaranta Moh'd, wani ma sunan kaka ne a gaba a nan, a can kuma sunan uba. Ƙanina haka ta faru da shi, lokacin da aka yi masa NIN yana sakandare wanda ya raka shi ne ya faɗi ranar haihuwar da ka, 1 ga Janairu, alhali a fasfonsa watan Mayu ne. Yaro yana Masar ya zauna zai cike fom abu ya ƙi tafiya, ya kira ni muryarsa har rawa take don izinin zamansa ma ya kusa ƙarewa, ranar Hajiyarmu ko tuwon dare ba ta ci ba. Gyaran nan a wajen NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ake fara shi, kuma gyaran ranar haihuwa yana cin lokaci da takardu, don haka tun yau ɗauko silif ɗin NIN ka aza shi kusa da shafin hotonka na fasfo ka karanta a hankali. In da bambanci ka fara gyara shi kafin ka biya ko sisi.

Sai jinkiri. Mutum ya ga an rubuta saura wata biyar sai ya ce ai da sauran lokaci, to ƙasashe da yawa da kamfanonin jirgi sai fasfo yana da aƙalla wata 6 a gaba suke yarda, haka ma wajen sabunta izinin zama a wurare da dama. Ni shawarata in ya rage wata tara zuwa shekara ka fara motsi, don samun ranar zuwa ofishin jakadanci kaɗai yana iya jan makonni, balle wanda yake Amurka da sai ya je Washinton ko Niyok ko Atlanta, ko na Saudiyya da sai Riyad ko Jidda, ga kuɗin mota ga neman hutu a wajen aiki.

Maganar ejan kuwa wallahi tana min ciwo. Wani dattijo ya zo shagona da risit a waya, ɗansa ya tura wa wani a WhatsApp kuɗi wai zai fitar masa da fasfo cikin sati ɗaya ba sai ya je ko ina ba, na duba na ce Baba wannan risit ɗin ba daga shafin hukuma ya fito ba, ya yi shiru can ya ce to shi ke nan Allah ya isa. Fom da biya duk a shafin Hukumar Shige da Fice ake yi, passport.immigration.gov.ng, kuma kuɗin ƴan ƙasar waje dala 150 ne na mai shafi 32 na shekara 5, dala 230 na mai shafi 64 na shekara 10, wani ofishin jakadancin yana da nasa kuɗin hidima daban, shi kuma a wajensu za ka tambaya. In da hali ka ɗauki na shekara 10 ka huta. Kuma wajen cikewa a kula da wurin da aka zaɓa, na ga wanda aka cike masa daga nan gida aka zaɓa masa ofishin Gombe da kuɗin naira, shi kuwa yana Maleziya.

Akwai tsarin da aka fara a Kanada a Nuwamban 2024 aka kai Turai a 2025, wanda mutum zai ɗauki hotonsa da zanen yatsa da wayarsa ta manhajar hukumar ba sai ya je ofis ba. Amma na masu sabuntawa ne da bayanansu ba su canja ba, amaryar da take son ta koma sunan miji ko mai gyaran shekaru wannan ba hanyarsu ba ce. Wanda fasfonsa ya ɓata ma kar ya cike a matsayin sabuntawa, nasa daban ne, sai da rahoton ƴan sanda na ƙasar da yake, in kuma tafiya gida ta kama shi da gaggawa ofishin jakadanci na ba da takardar tafiya ta wucin gadi.

Na ƙarshe shi ne bayan sabo ya fito mutane sai su ɗauka an gama. Kar ka yar da tsohon fasfo, in bizarka mai rai tana ciki tare za ka riƙa tafiya da su biyun. Na Saudiyya ya tabbatar an shigar da sabuwar lambar fasfo a bayanan iƙamarsa, na Ingila ya shiga asusunsa na bizar intanet ya sa sabuwar lambar kafin ya sayi tikiti. Sannan ka ɗauki hoton shafin farko ka turo gida a ajiye maka, ƙanina dai nasa yana cikin wayata, na kuma buga kwafi ɗaya na ba Hajiya ta sa a ƙasan akwatinta.