Yadda Ake Bin Salsalar Magajiya da Dukiyarta a Ingila ta Ƙarni na 15

Wanda yake son sanin asalin wata magajiya a Ingila ta ƙarni na 15 ya fara da bin ƙasa kafin ya bi suna, domin hukumar wancan zamani ba ta damu da rubuta haihuwa ba, amma gonar da ta canja hannu sau da yawa akan shigar da ita a takarda. Misalin da za mu riƙe shi ne Anne Mowbray, wadda aka haifa a 1472, 'ya ɗaya tilo ta John Mowbray, basaraken Norfolk na huɗu.

Ka fara daga mutuwar uban. Idan mutumin da ke riƙe da ƙasa kai tsaye daga hannun sarki ya mutu, akan tura jami'i ya tara mutanen yankin, su rantse, su faɗi filayen da mamacin ya bari, da abin da suke kawowa a shekara, da ranar mutuwarsa, da sunan magajinsa da shekarunsa. Wannan binciken bayan mutuwa, wanda da Latin ake kira inquisitio post mortem, yana ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, kuma an buga taƙaitattun bayanan da yawa daga ciki. Uban Anne ya mutu a Janairun 1476, tana da shekara 3. A nan sai ka yi hattara da lissafi, domin har zuwa 1752 shekarar Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka tsohuwar takarda za ta iya sa wannan Janairu cikin 1475, yawancin takardun ma da shekarun mulkin sarki suke ƙirga. Sunaye su ma suna ruɗarwa, tunda uban Anne da kakanta da baban kakan duk John Mowbray ne.

Daga nan ka tantance sharaɗin da aka riƙe kowace ƙasa da shi, kuma wannan ne ya fi cin lokaci. A ƙa'ida babban ɗa namiji yakan kwashe ƙasar gaba ɗaya, idan babu namiji sai 'ya'ya mata su raba daidai wa daida. Amma akwai abin da aka ɗaure shi ga zuriyar maza kaɗai, wanda mace ba ta gadonsa ko da ita kaɗai ta rage, shi ya sa sarautar uban Anne ta mutu tare da shi alhali filayen sun zo hannunta. Kada kuma ka ɗauka duk abin da ta gada ya shiga hannunta nan take, domin matar mamaci tana cin amfanin kashi ɗaya bisa uku har ƙarshen rayuwarta, kuma mahaifiyar Anne, Elizabeth Talbot, ta daɗe a duniya bayan 'yarta.

Sai ka nemi wanda ya riƙi yarinyar da wanda ya aurar da ita, domin marainiyar da ke da ƙasar sarki a hannun sarki take. Sarki Edward na Huɗu bai kai nesa ba wajen nema mata miji: a Janairun 1478 aka ɗaura mata aure da ɗansa Richard a Westminster, ita tana da shekara 5, shi yana da 4.

Bayan haka ka hau sama a bishiyar zuriya, ka fito da waɗanda za su gaje ta idan ta mutu ba ta haihu ba. Anne ta rasu a 1481 ba ta cika shekara 9 ba. Miji ba ya ci gaba da riƙon ƙasar matarsa bayan mutuwarta sai idan sun haifi ɗa da rai, don haka dukiyar ya kamata ta koma ga John Howard da William Berkeley, waɗanda iyayensu mata, Margaret da Isabel, 'ya'yan Thomas Mowbray ne, basaraken Norfolk na farko. Wanda ya bi layin maza kaɗai ba zai taɓa ganin waɗannan biyun ba.

Duk da haka kada ka tsaya a kan abin da doka ta ce, ka buɗe kundin majalisa ka ga abin da aka yi. A 1483 majalisa ta tabbatar wa Richard, mijin Anne, dukiyar, wanda a ganina ƙwace ne da aka yi wa rigar doka. A watan Yunin wannan shekara, da Richard na Uku, ƙanin Edward na Huɗu kuma baffan mijin Anne, ya hau mulki, ya naɗa Howard basaraken Norfolk, ya ba Berkeley sarautar Nottingham, kuma zuriyar Howard ce ke riƙe da sarautar Norfolk har yau.