Yadda za ka lallaɓa datar "unlimited" ta kai ka ƙarshen wata

Duk wata sai na ga sabon mai rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi a gida) yana kumfar baki, wai sabis ya lalace tun sati na biyu. Sabis lafiyarsa ƙalau. Kasonsa ya cinye, kamfani ya rage masa gudu.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi amsar abu biyu: giga nawa za ka sha da cikakken gudu, sannan idan sun ƙare wane gudu za a bar maka. Suna can ƙasan talla cikin ƙananan rubutu, inda aka sa FUP, wato ƙa'idar da ke iyakance datar da za ka sha da cikakken gudu. Mai shago zai ce, "Ai Alhaji wannan ba ta ƙarewa." Bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. Kada ka tashi sai ya nuna maka a rubuce.

Tambaya ta biyun ce kowa ke tsallakewa, kuma nan ake shan kashi. A ce an mayar da kai 512kbps. Kilobayit 64 ke nan a daƙiƙa, wato fayil mai giga 1 zai ci maka sama da awa 4. Saƙon WhatsApp zai wuce, amma kiran bidiyo sai ka ga fuskar mutum ta daskare baki buɗe. Ka kuma tambaya ko kason na kullum ne ko na wata. A gidan da ke da yara, na kullum za ka saya, ba shawara ba ce. Idan sun ƙone na yau, gobe a sake sabon lale.

In na wata ne, raba shi gida 30. Giga 100 bai wuce 3 da 'yan kai a rana ba, alhali Netflix da kansu sun ce kallon HD na iya lashe giga 3 a awa ɗaya. Fim guda ya tafi da na kwana biyu. Don haka ka rage ingancin bidiyon YouTube zuwa 480p, a fuskar waya ba wani bambanci za ka gani ba. Tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba wanda ke da kuɗin zubarwa.

Sai ka juya rautar, adireshin shiga shafinta na manne a baya. Duba wayoyin da ke kai, za ka iya tarar da ta ɗan maƙwabci. Canja fasuwod a ranar. Kwamfuta mai Windows kuwa, kunna mata metered connection, saitin da ke sa ta tattalin data, in ba haka ba cikin dare za ta kwashi sabuntawa. Kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp.

Layin waya, *323# na nuna abin da ya rage. Idan an rage maka gudu alhali kasonka bai ƙare ba, auna gudun a shafin fast.com, ɗauki hoton allon, ka kai wa kamfanin ƙorafi ka karɓi lambar ƙorafin. Suka yi biris, kira NCC a 622, kyauta ne.