Yadda za ku adana tarihin malaminku na zane bayan rasuwarsa

Da malaminmu na zane ya rasu, Allah ya jiƙansa, mun ce sai an yi sadakar arba'in tukuna mu taɓa kayansa. Kafin nan damina ta sauka Maraɗi, gara ta cinye mana zane shida a ɗakin ajiya. Don haka ku fara da wuri.

Ku je wurin iyalinsa da ladabi ku nemi izini, domin kayan na magada ne. In sun yarda, ku ɗaga kowane zane daga ƙasa, ku raba shi da bango, ku sa farar takarda tsakanin wannan da wancan. Kada ku naɗe su cikin leda, tana riƙe laima. Hoto kuma a ɗauka da safe a inuwa, ba da hasken waya ba, a rubuta shekara da girman zanen a baya da fensir.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tattara tarihinsa daga bakin mutane. Tsofaffin ɗalibansa sun watsu, wasu Yamai, wasu Katsina. Na buɗe zauren WhatsApp, na ce kowa ya turo murya, ya faɗi gyara guda da malam ya taɓa yi masa. A nan na ji yadda yake yawan ambaton ƙungiyar masu zane ta Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo, yana cewa a koma ga zanen gida: adon bango, sassaƙar ƙwarya, ɗinkin babbar riga.

In za ku yi baje kolin zane-zanensa kuwa, ku nemi ɗaki a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ku gayyaci ƴan lakwal, a sa iyalinsa a sahun gaba.