Rage wa jirgin ƙasa na wasa wuta don ya daina gudu da yawa: kurakuran da na gaji da gani

Kullum labarin ɗaya ne, yaro ya murɗe kwantirola har ƙarshe, jirgi ya zo kwana ya tuntsure, sai mutum ya ce bari kawai in rage wutar. A jirgin DC, wato wanda kwantirola ke ƙara ko rage masa wuta kai tsaye, hakan ba laifi ba ne, tunda gudun injinsa yana bin volt ɗin da ke kan layin dogon, kuma jiragen HO da N (sunayen girman jirgin wasa ne) duk wajen volt 12 suke cika. Yadda ake ragewar ne matsala.

Resista, ƴar na'urar da ake sawa a kan waya don ta rage wuta, ita ce babbar ɓarna, kuma ni ma ta taɓa cin kuɗina. Na saka mai ohm 10 ƴar ƙarama ta kwatan watt, ina ta murna jirgi ya nutsu, ashe kan jirgin yana jan rabin amp, kenan watt 2.5 nake ɗora wa abin da ko ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Minti kaɗan sai wari, na ɗaga tashar roba da na kwana uku ina fenti na tarar ƙasanta ya narke ya manne da waya. Ko da babba ka saka ba ka tsira ba, don abin da resista ke cinyewa yana ƙaruwa ne da yawan wutar da jirgi ke ja, sai ya zo hawa yana neman ƙarfi ita kuma a lokacin take ƙara shaƙe shi, ya tsaya cak yana gurnani.

Ni yanzu diyod nake sawa, ƴar na'urar da ke barin wuta ta wuce ta ɓangare ɗaya kawai, kowace tana cin wajen volt 0.7 ko da kaya ko babu. Amma don Allah ku riƙa haɗa su bibbiyu gefe da gefe, ɗaya na kallon gaba, ɗayar na kallon baya, in ba haka ba ribas ya tafi kenan. Masu amp 3 nake saya, na fi samun kwanciyar hankali.

Masu DCC kuwa, wato tsarin da kwantirola ke aika wa jirgi umarni ta cikin layi, me ya kai ku taɓa wutar layi? Ita a tsaye take, dikoda, ƴar na'urar da ke cikin jirgin, ita ke yanke gudu, ku shiga CV5, saitin iyakar gudu na dikodar, ku rage lambar, shi kenan. In kun rage wutar sai dai fitila ta dushe sauti ya riƙa yankewa.

Kada ku haɗa makunnin rage hasken ɗaki da taransifomar jirgin, taransifomar zafi za ta yi. Kuma ku goge layi, in wuta ta yi ƙasa ƴar ƙura ma tsayar da jirgi take.