Yadda Za Ka Gina Manhajar Littafin Bashi Wadda Ba Ta Jiran Rezo

Duk mai butik a Garwa yana da littafin bashi, kuma duk matashin da aka ji ya fara koyon rubuta manhaja, roƙon farko da yake samu daga 'yan'uwa shi ne ya mayar musu da littafin nan cikin waya. Aikin ba shi da girma, amma akwai wuraren da in ka kuskure su, dukiyar mutane za ta salwanta a hannunka. Ga yadda nake yin nawa.

Ka fara da yarda cewa wayar ita ce gidan bayanan, saba kuwa, wato kwamfutar da ke intanet wadda manhaja ke tura wa bayanai, wurin ajiyar kwafi ce kawai. Yawancin darussan da ke intanet an rubuta su ne don mutanen da rezo ba ya yanke musu, shi ya sa suke koya maka ka tura komai saba ka jira amsa. A nan, mai shago yana da mutum biyar a gabansa, wuta ta ɗauke tun hantsi, datarsa ta ƙare jiya. In manhajarka ta tsaya tana juya masa da'ira, zai jawo biro da littafinsa, kuma ba zai sake buɗe ta ba. Saboda haka komai ya fara sauka cikin SQLite, rumbun bayanan da Richard Hipp ya fitar a 2000. Fayil guda ne, kyauta ne, kuma yana cikin kowace wayar Android tun daga kamfani. In da yaren Kotlin kake rubuta manhajar, ka bi ta Room, kayan aikin Android na mu'amala da SQLite, don tana kama kuskuren SQL, yaren da ake ba rumbun umarni da shi, tun kafin manhajar ta hau waya.

Teburi biyu, wato jadawalin bayanai a cikin rumbun, sun isa: na masu saye, da na shige da ficen kuɗi. Abin da nake roƙonka a nan, ɗan'uwa, kada ka yi gurbin da zai riƙe "sauran bashi". Na san hannunka zai so yin haka, don ya fi sauƙi. Amma duba abin da zai faru. Ana bin wata hajiya sefa 30,000. Da magariba ta aiko da 10,000 gidan maigida, ya rubuta a wayarsa, saura 20,000. A daidai lokacin yaron shago ya ba ɗanta sukari da man gyaɗa na 5,000, tasa wayar ta ce 35,000. Gobe rezo ya dawo, wayoyin biyu suka tura lissafinsu. Wadda ta iso daga baya za ta danne ta farko, kuma ko wacce ta yi nasara ƙarya ce, domin gaskiyar bashin 25,000 ne. Daga nan sai rantse-rantse a bakin shago tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki.

Maganinsa shi ne kowane motsi ya zama sabon layi: an ba da kayan kaza, an karɓi kaza. Sauran bashi kuma SUM, umarnin SQL mai tara lambobi, ce za ta fitar da shi duk lokacin da aka buɗe shafin mutum. Ba a goge layi, ba a gyara shi. In yaro ya rubuta 50,000 maimakon 5,000, sai a ƙara layin da ya soke na farko, sannan a rubuta daidai. Tsofaffin 'yan kasuwa haka suke yi a takarda, su ja layi kan kuskure su bar shi a fili kowa ya gani. Ta haka wayoyi goma ma ba za su yi karo ba, tunda babu wadda ke taɓa abin da wata ta rubuta.

Lambar kowane layi kuma kada ta zama 1, 2, 3 da wayar ke ƙirgawa da kanta, don wayar maigida da ta yaro duk za su haifi lamba 41. Ka yi amfani da UUID, doguwar lambar shaida da ke da wuya ƙwarai ta zo ɗaya da wata, wayar ta ƙirƙire ta nan take ba tare da ta tambayi kowa ba.

Kuɗi ka ajiye su INTEGER, wato cikakkiyar lamba marar ɗigo. Sefa ba ta da ƙananan rassa da ake ciniki da su, ga shi kuma lambobi masu ɗigo suna da halinsu: ka tara 0.1 da 0.2 a kwamfuta, za ta ba ka 0.30000000000000004. Sai batun dala. Mutanenmu da dala suke ƙirga, sefa biyar ke nan, kamar yadda ake ƙirga da riyal a kasuwannin Njamena. Mai shago zai ce ɗari biyu, yana nufin jaka guda, wato sefa 1,000. Ka bar shi ya zaɓi yadda yake son shigarwa, ka nuna masa duka biyun a ƙarƙashin juna kafin ya danna, amma a cikin rumbu sefa kaɗai za ta zauna. Wanda ke ciniki wajen iyaka, kamar Amchide ko Fotokol, naira na shiga hannunsa kullum. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa farashinta na sauyawa, don haka kowane layi ya ɗauki irin kuɗinsa da canjin da aka yi a ranar.

Lokaci ka ajiye shi UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, ka ƙara awa ɗaya wajen nunawa, Kamaru da Cadi duk haka suke. Kada ka amince da agogon waya shi kaɗai. Saba ma ta buga nata lokacin idan layin ya iso.

Wurin da nake ɗaukar lokaci sosai shi ne neman suna. Maigidan da ya yi makarantar faransanci zai rubuta Ousmanou, Djibrilla, Aïchatou. Yaronsa da ya tashi da rubutun Hausa zai nemi Usmanu, Jibrilla, A'ishatu, bai samu ba, sai ya buɗe wa mutum sabon shafi, bashi ya rabu gida biyu. Ga kuma LIKE, umarnin nema na SQLite, wanda haruffan Turanci zalla yake daidaita babbansu da ƙaraminsu, bai san Ɗ da ɗ abu ɗaya ba ne. Abin yi shi ne ka bar sunan yadda aka rubuta shi, ka yi wani ɓoyayyen gurbi na nema. A cikinsa ka mayar da komai ƙananan haruffa, "ou" ta koma "u", "dj" ta koma "j", "ch" ta koma "sh", ƙ da ɗ da ɓ su koma k da d da b, ka zubar da ɗige-ɗigen saman haruffa. Abin da aka buga wajen nema shi ma ya bi ta wannan matata. Ka ƙara gurbin laƙabi da unguwa, don Ammadu a Garwa ba su ƙirguwa. Lambar waya TEXT ce, wato a ajiye ta a matsayin rubutu, tare da lambar ƙasa: +237 da lambobi tara, +235 da takwas.

Turawa saba ka bar wa WorkManager, kayan aikin Android mai gudanar da aiki a bayan fage, ka gindaya masa sharaɗin sai akwai rezo. Kowane layi yana da alamar an tura ko ba a tura ba, kuma ba za ka sauya alamar ba sai saba ta amsa. Rezo kan yanke bayan saba ta karɓa amma kafin amsarta ta iso, wayar ta sake turawa. Ka sa UUID ta zama makullin teburi a can, wato gurbin da ba ya karɓar lamba ɗaya sau biyu, in layi ya zo karo na biyu a ƙyale shi.

Wasu masu shago ba za su taɓa sayen data don wannan ba, kuma ina ganin haƙƙinsu ne. Ka ba su maɓallin fitar da kwafi zuwa katin memori ko wata wayar. Ka dai kula, Room kan ajiye sabbin rubuce-rubuce a wani fayil na gefe mai ƙarewa da -wal. In ka kwafi babban fayil shi kaɗai, cinikin yau zai iya zama ba ya ciki. Ka rufe rumbun tukuna, sannan ka kwafa.

Gwaji kuma kada ka yi shi a kan wayarka mai tsada. Ka aro ƙaramar Itel ko Tecno wadda hotuna suka cika wa ciki, ka kashe data, ka fita tsakar rana ka ga ko lambobin na karantuwa. Ka shigar da bashi ka kashe wayar ana tsaka da ajiyewa, ka kunna ka duba. Sannan ka miƙa wa mai shagon, ka koma gefe ka yi shiru, ka rubuta duk inda yatsansa ya tsaya yana nema.