Malaman dirama, ku daina gajiyar da yara kafin a fara rihasal

Shekarata takwas ina riƙe da kulob ɗin dirama a wata sakandare nan cikin Katsina, kuma wallahi na gaji da ganin sabbin malamai na maimaita shirmen da ni ma na yi.

Wanda ya fi ci mani rai shi ne a fara da tsalle jiki bai saki ba. Wata shekara muna shirin wasan Bayajidda da rijiyar Kusugu, saura kwana ukku bikin raba kyaututtuka, yara sun fito aji ƙarfe 2 kowa na hamma, sai dabara ta faɗo mani wai in wartsakar da su da langa. Kan siminti fa, kuma yaran da tun safe suke daskare bisa benci! Ko minti 2 ba a yi ba Bayajiddan namu ya dira kan gefen ƙafa, targaɗe, kafin La'asar idon sawu ya yi suntum, daga mai ɗori sai ga mahaifinshi a ofis yana tambaya wasan kwaikwayo ake koya mashi ko kokawa. Ƙarshe yaron da ke fitowa a maciji ne ya hau fage da takobi a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Tun ranar ni dai sai an yi minti 5 ana zagaya aji da tafiya, a juya kafaɗa, wuya a hankali, ƙugu, gwiwa, idon sawu, sannan a ƙara sauri. Miƙar nan da ake ja a riƙe kuwa sai an tashi.

Sai ku masu sa yara zagaye filin ƙwallo sau 5 cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Haba Malam, soja za ka ɗauka? Yaro ya dawo yana haki, harshe waje, sannan ka ce ya ɗaga murya? Ku koma inuwar bedi, minti 10 ya wadatar, da jarkar ruwa kusa. Da azumi ma ni numfashi kawai muke yi da ɗan motsa gaɓoɓi.

Wanda ya cika ciki da ɗanwake a ba shi rabin awa.

Baki ma gaɓa ne, ana mantawa. Mu karya-harshen nan na "da kwaɗo da ƙato" muke yi, sau ukku, wanda harshenshi ya sarƙe ya sake daga farko.

'Yan mata ba za su sake gaban maza ba ko ka shekara kana faɗa, ka ware masu gefe su yi tafa-tafa, ka ga kuzari.

Da hunturu a yayyafa ruwa ƙasa kafin a fara, in ba haka ba tari ne zai cinye rihasal ɗin. Kai kuma Malam, aje wayar nan ka shigo layi.